Jawabi Ga Mutanen Liman Abaji Game Da Aikin Kunne



An ce kunne ya girmi kaka, amma kaɗan ne cikinmu suka san aiki biyu yake yi. Na farko ji. Idan ƙara ta shiga sai ta kaɗa dodon kunne kamar fatar kalangu, shi kuma ya motsa waɗansu 'yan ƙasusuwa 3, su miƙa motsin ga wani ƙoƙo mai siffar katantanwa. Cikinsa akwai ruwa da 'yan gasu masu aika saƙo ga ƙwaƙwalwa. Na biyu tsayuwa daidai. Kusa da katantanwar akwai lanƙwasassun bututu 3, ruwan cikinsu ke shaida wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. Shi ya sa yaro kan faɗi bayan hajijiya, watau ruwan bai tsaya ba tukuna.

To, ku lura, gasun nan idan sun mutu ba su sake tsirowa. Ƙarar injin niƙa tana kashe su a hankali, sanƙarau kuwa cikin 'yan kwanaki. Ku bar sakace kunne da tsinke ko ashana, kada ku huda dodon. Yaron da kunnensa ke zubar da mugunya kuwa, lalle a kai shi Asibitin Tarayya na nan Keffi tun da wuri.