Yardar Majiyyaci: Haƙƙin Mai Taɓin Hankali a Gaban Doka



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a tunatar da mu cewa taɓin hankali cuta ce kamar sauran cututtuka, kuma wanda ta kama bai rasa haƙƙinsa na ɗan ƙasa ba.

A da, Nijeriya tana aiki da Dokar Mahaukata ta 1958, wadda asalinta ya komo tun 1916, zamanin Turawa. Babban nufinta tsare mutum ne, ba warkar da shi ba. Yanzu an maye gurbinta da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar da jama'a a watan Janairu na 2023.

Ginshiƙin sabuwar dokar shi ne yarda. Kafin likita ya fara magani, wajibi ne ya bayyana wa majiyyaci irin ciwonsa, da maganin da za a ba shi, da amfaninsa, da illar da yake iya jawowa, cikin harshen da yake fahimta. Daga nan sai a nemi amincewarsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yana da ikon naɗa wakili wanda zai tsaya masa idan ciwo ya tsananta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana a tona asirin ciwonsa.

To, yaya za a yi idan mutum ya zama haɗari ga kansa ko ga jama'a? Ana iya kwantar da shi a asibiti ba da yardarsa ba, amma sai likitoci sun duba shi, an bi ƙa'ida, an kuma ƙayyade lokaci. Fushin dangi ko rigimar gado ba hujja ba ce.

Ɗaure mutum da mari ko sasari, da dukansa, da hana shi abinci, duk keta mutunci ne, wanda sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta.

Saboda haka, wanda ɗan'uwansa ya kamu, ya kai shi asibiti da wuri. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Yaba ta Legas, da Aro ta Abeokuta. Ku tambayi likita, ku bar majiyyaci ya faɗi nasa.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.