Tsayin Mota da Aikin Shok: Abu Biyu da Ake Haɗawa Wuri Ɗaya



Sau da yawa direba kan je gareji ya ce motarsa ta zauna, a sa masa sabon shok ta ɗaga. Wannan maganar nake so mu warware yau, domin tana jawo asarar kuɗi, wani lokaci har da ta rai.

Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, shi ke tsayar da ita a tsayin da take. Shok aikinsa daban. Idan taya ta faɗa rami, sifirin zai matse ya saki, kuma da za a bar shi haka, sai motar ta yi ta lilo. A cikin shok akwai mai da fistin mai ƙananan kafofi. Yayin da man ke kutsawa ta kafofin, ƙarfin motsin yana komawa zafi, lilon ya mutu. Shi ya sa shok ke ɗumi bayan tafiya a hanyar gargada. Wasu ana cusa musu iskar nitirojin don kada man ya yi kumfa, domin man da ya yi kumfa ba ya riƙe komai.

Dattawa a nan sun san Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, shekarar da ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka. Tsayi kaɗai bai ba ta wannan suna ba. Ƙafarta na da doguwar tafiya sama da ƙasa, kuma an daidaita shok ɗinta da sifirin ɗinta. Motocin Turai da muke saya na hannu a yau an ƙera yawancinsu don shimfiɗaɗɗiyar kwalta, sai mu cusa roba ko ƙarfe a kan sifirin don cikinsu ya daina bugun ƙasa. Na fahimci dalilin, amma shok ɗin yana nan da tsawonsa na da. Kullum a miƙe yake, ya kusa ƙarewa, taya na rasa damar sauka ta bi rami. Tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa, ba burki gare ta ba sitiyari. Ga nauyin motar ya hau sama, ta ƙara karkata a kwana, shaf ya karkace yana cin kansa.

Akwai shok da ake iya saitawa. Zoben da ke ƙarƙashin sifirin shi ne na tsayi, maɓallin da ake murzawa na tauri ne, wani lokaci biyu: ɗaya na matsewa, ɗaya na dawowa. Idan dawowa ta yi tauri da yawa, sifirin ba zai gama miƙewa ba kafin rami na gaba, motar ta yi ta nutsewa har ta soma duka. Idan ta yi laushi, lilo ya dawo.

Don haka, 'yan uwana kanikawa, a fara da tsayi. A ajiye motar a wuri mai daidai, a duba iskar taya, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, dama da hagu su zo ɗaya. Sannan a taɓa tauri kaɗan-kaɗan, ana gwadawa a hanya guda da irin lodin da motar ta saba ɗauka. Idan shok ɗaya ya mutu, a canza shi tare da ɗan uwansa na ɗaya gefen. Duk lokacin da tsayi ya sauya, sai an sake alaimen, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe guda.