Jana'iza, Kiɗa Da Talabijin

Wannan shi ne jawabin da magatakardan Liman ya yi wa 'yan jam'iyya a zauren masallaci, nan Zangon Kumasi, bayan sallar La'asar. Mun buga shi dukansa saboda fatake da direbobi waɗanda tafiya ta hana su halarta.

Assalamu alaikum. Malam Liman, Sarkin Zango, iyayenmu malamai, alhazai, 'yan kasuwa, da iyayenmu mata masu sauraro daga bayan labule, ina gaishe ku gaisuwa mai yawa. Malam ne ya umurce ni in tsaya in yi magana a madadinsa. Ni dai kun san ni ba malami ba ne, allo na yi, da 'yan littattafai a zaure. Abin da ke hannuna shi ne littafin jana'iza na masallacin nan, inda nake rubuta wanda ya rasu, da sa'ar da aka kai shi, da abin da aka kashe. Daga cikinsa zan yi magana, hukunci kuwa na Malam ne.

Dalilin taron nan wata tambaya ce da samarinmu suka kawo. Suka ce, shin mutum yana da iko ya bar wasiyya cewa ranar da ya mutu a sa masa waƙar da ya fi so, a kuma nuna hotonsa a talabijin? Wani ya ce shi Shata yake so, wani ya ce Daddy Lumba. Na ga waɗansu dattawa suna dariya. To, kada ku yi musu dariya, gama yaran nan a nan aka haife su, da 'ya'yan Tonawa suka yi makaranta, abin da idonsu ya buɗe ya gani ke nan. Mutumin da ya yi tambaya game da mutuwarsa tun yana da lafiya ya fi wanda bai taɓa tuna ta ba.

Kowa ya san yadda maƙwabtanmu ke yi. Mutum ya mutu, sai a kai shi ɗakin sanyi na asibiti, a ajiye. Bayan mako guda dangi su taru su sa rana. Ranar kan kai wata biyu, ko uku, ko fiye, ana jiran ɗan da ke Ingila da 'yar da ke Amurka, wani lokaci ma ana jiran a gyara gida a shafa masa fenti. A buga hoton mamaci a kafa a bakin hanya, a karanta sunayen dangi a rediyo da talabijin. Ran Asabar a kafa rumfuna, a ɗaura baƙi da ja, a yi kiɗan adowa da kete, kowa ya kawo gudummawarsa, wadda suke kira nsawa, a faɗi sunansa da abin da ya bayar a lasifika. Can Teshi, kusa da Ankara, tun zamanin wani kafinta Kane Kwei, wajen shekarun 1950, ake sassaƙa akwatin gawa mai siffar kifi domin masunci, ko mai siffar koko domin manomi. A 2020 kuwa duniya duka ta kalli samarin nan na ƙasarmu masu rawa da akwatin gawa a kafaɗa.

Ban faɗi wannan don in zage su ba. A wurinsu girmama iyaye ke nan, kuma nsawa ɗin nan taimakon juna ne, ba wasa ba. Mun zauna da su fiye da shekara ɗari, suna zuwa ta'aziyyarmu, muna zuwa tasu. Amma hanyarsu dabam, tamu dabam, kuma ƙasar nan ta san haka.

Ku tuna shekarar 2012. Shugaba Atta Mills ya rasu ran 24 ga Yuli, ba a binne shi ba sai ran 10 ga Agusta, watau kwana 17. A shekarar nan dai Alhaji Aliyu Mahama, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, daga 2001 zuwa 2009, ya rasu a Ankara ran Juma'a 16 ga Nuwamba. Ran Lahadi 18 ga wata gwamnati ta yi masa ban girma, aka ɗauke shi zuwa Tamale, aka rufe shi. Rawlings kuwa ya rasu ran 12 ga Nuwamba 2020, aka binne shi ran 27 ga Janairu 2021, wata biyu da rabi ke nan. Kun ga har gwamnati, da sojanta da bindigoginta, in Musulmi ya rasu takan gaggauta, don ta san addininsa. In gwamnati ta kiyaye mana wannan, ashe abin kunya ne mu da kanmu mu sake shi.

Abin da shari'a ta ɗora mana a kan mamaci kaɗan ne, mai sauƙi kuma: wanka, da likkafani, da salla, da kushewa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a gaggauta kai gawa. Shi kansa cikin fararen tufafi uku aka sa shi. Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya tashi cikin gata da ƙamshi a Makka, da ya yi shahada a Uhudu mayafi guda aka samu, in an rufe kai ƙafa ta fito, in an rufe ƙafa kai ya fito, sai aka rufe kan, aka sa ciyawa a ƙafafun. Makoki kwana uku ne, sai matar mamaci, ita ce mai takaba wata huɗu da kwana goma. Da labarin rasuwar Ja'afaru ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah cewa ya yi a dafa wa iyalinsa abinci a kai musu. Ku lura da wannan ƙwarai: maƙwabta ke ciyar da gidan mutuwa. Mu yanzu mun juya abin, gidan mutuwa ke ciyar da unguwa.

A nan ne maganata take, domin waƙar da samari suka tambaya ba ta shigo makabartar Tafo ba tukuna, amma 'yan uwanta sun riga sun shigo gida. An fara talabijin a ƙasar nan a 1965, iyayenmu suka ga zamanin da akwati ɗaya ke tara yaran layi duka. Yau ba ɗakin da babu. Sai ka je zaman makoki, malamai na karatu a ƙofar gida, a cikin falo kuwa akwati na kunne, samari sun kewaye shi don Kotoko na wasa da Hearts. Lokacin da aka juya wasan Indiyan nan Kumkum Bhagya cikin Tonanci, daga 2015, na ga gidajen da mata suka yi ta duban agogo a wurin ta'aziyya, da lokaci ya yi sai tsakar gida ta watse, aka bar mai takaba ita kaɗai a kan tabarma. Ni ma ina son Kotoko, ban ɓoye ba. Amma kwana uku ba su da yawa. A zare waya daga bango, a rufe akwatin da zane, ƙwallo ba za ta ƙare a duniya ba.

Sa'an nan ga wayar hannu. Ana ɗauke da makara, maimakon hannu ya kama, sai ka ga hannaye sama ana ɗaukar hoto. Har bakin kabari. Kafin a gama zuba ƙasa hoton ya kai Jamus, wata tsohuwa a Bawku ta ga gawar ɗanta a waya tun ba a aiko mata da wanda zai zaunar da ita ya gaya mata ba. Malam ya ce in faɗa muku da babbar murya, sanarwa halal ce, a sanar a rediyo, a sanar a waya, domin jama'a su sami ladan salla. Hoton gawa kuwa, wanda ya yi mata wanka ma an hana shi faɗin abin da ya gani, balle mai nuna wa duniya.

Na zo ga sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Na sani malamanmu sun saɓa a kanta, ba kuwa ni zan raba wannan gardama ba. Abin da littafina ya nuna kaɗai zan faɗa. Da, goro ne da masa, a yi addu'a da hantsi a watse. Yanzu sai an yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, an yanka sa, an dafa shinkafa an zuba cikin robobi, an fid da yayi mata sun ɗinka, an buga hoton mamaci a jikin riga. In malamai suka shafa fatiha suka tashi, mai lasifika ba ya naɗe kayansa, da ma kuɗin yini aka biya shi, sai ya saki kiɗa. Wanda ya wuce ta layin ba zai iya gaya maka ko arba'in ake yi ko suna ba.

Kuɗin wa aka kashe? Ga tambayar da ba a so. Tsarin shari'a a kan abin da mamaci ya bari sananne ne: a fid da kuɗin likkafani da kushewa, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi, kamar yadda aka iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, saura na magada. Ba rumfa a cikin lissafin nan, ba sa. In akwai maraya ƙarami cikin magada, duk lomar da aka ci daga rabonsa, wanda ya ci da wanda ya ba da izini su ne za su amsa. Sau nawa ina rubuta sunan mutum, bayan wata uku matarsa ta zo zauren nan tana neman kuɗin makarantar yara, jarin shagonsa na Kejetia ya tafi cikin tukunya? Masu ba shi kaya bashi kuwa suna nan suna jira, sun yi kawaici don kunya. Alhali an kawo wa Manzon Allah gawar mai bashi, ya ƙi yi mata salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a wuyansa.

To, samari, ga amsar Malam. Wasiyyar kiɗa a wurin jana'iza ba a zartar da ita, ko an rubuta, ko an sa hannu. Shata ya rasu tun 1999, wanda ke son muryarsa yana da kwanakin ransa duka, wannan tsakaninsa da malaminsa ne. Amma niyyarku ta barin wasiyya, Malam ya yaba mata, ya ce ku riƙe ta, ku canja abin da za ku rubuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rubuta wanda kake bi da wanda ke binka, da ajiyar mutane da ke hannunka, da kuɗin da ke cikin waya, gama kuɗi da yawa sun maƙale a MoMo don mai su ya tafi da lambar sirri a cikinsa. Rubuta cewa a rufe ka a garin da ka mutu, kada a sa ka a sanyi ana jiran wani. Rubuta cewa kada a taɓa rabon 'ya'yanka don ciyar da baƙi.

Wannan takarda ta fi zama wajibi a kan mutum biyu: wanda ya musulunta danginsa ba su musulunta ba, da wanda uwarsa Batona ce. A al'adar Tonawa mutum na dangin uwarsa ne, su ake kira abusua, kuma gawa tasu ce, ba ta mata da 'ya'ya ba. Kotunan ƙasar nan sun san da wannan al'ada. Kun dai ga abin da ya faru da Lumba ɗin da kuke so: ya rasu ran 26 ga Yuli 2025, aka yi ta shari'a tsakanin iyali, ba a yi jana'izarsa a nan Kumasi ba sai cikin Disamba. Mu ma mun sha tsayawa a ƙofar asibiti da likkafani a hannu, kawunnan mamaci sun ce ba mai taɓa ɗansu sai bayan wata biyu. A ranar nan ba mu da ƙarfi. Saboda haka takarda kaɗai ba ta isa ba. Tun kana da rai ka ɗauki dattawa biyu na masallaci, ka tafi garinku, ka zauna gaban shugaban dangi, ka gaya masa da bakinka yadda kake so a yi da kai. Mutanen nan suna ganin girman maganar da aka faɗa a gaban shaidu. Waɗanda suka yi haka, galibi an ba mu su ran da suka rasu, dangi kuma suka yi taronsu daga baya ba da gawa ba.

Akwai kuma dokar gwamnati, wadda yawancinmu ba mu kula da ita sai ta cije mu. Wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, in magana ta kai kotu, da dokar gado ta 1985 za a raba, wadda ake kira Doka ta 111, ita kuwa rabonta ba na Alƙur'ani ba ne. Dokar wasiyya ta 1971 ta ce sai an rubuta, mai ita ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu. Kada ka sa mai cin gadonka ya zama shaida. Mai gida ko fili ko shago, ya daure ya biya lauya ya tsara masa. Har wa yau ku riƙa neman takardar likita da ta izinin binnewa da wuri, gama yawancin jinkirin da muke samu daga nan yake, musamman in mutum ya cika a gida ko ran Asabar.

Mai cewa ba za a iya rage taro ba, mutane za su yi da mu, ya tuna watan Maris na 2020, da cutar korona ta zo, gwamnati ta ce kada a wuce mutum 25 a wurin binnewa. Ɗakunan sanyi suka cika da gawawwakin da ake jiran a buɗe gari a yi musu biki. Mu kuwa muka yi ta kai namu Tafo, sahu biyu ko uku, ba rumfa, ba sa, ba yayi. A shafukan watannin nan na littafina ban rubuta gida ko ɗaya da ya ci bashi saboda mutuwa ba.

Malam ya ce daga wannan mako, kowace Alhamis bayan La'asar, in zauna a zauren nan da takarda da alƙalami. Mai so a rubuta masa bashinsa da wasiyyarsa ya zo da shaidunsa biyu, da boko ko da ajami, ba a biyan ko kwabo. Iyayenmu mata kuma uwargidan Malam za ta karɓe su ran Litinin da hantsi. Kuɗin asusun likkafani na wannan wata, waɗanda ba su kawo ba su ga ma'aji kafin su fita.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan. Malam, a yi mana addu'a.