Haƙƙin Wanda Ba Shi da Wurin Sa Haƙarƙari

 

Ƴan uwa masu saurare, idan an sallame tarawihi kowa ya ɗauki takalminsa ya nufi gida, mu ɗan waiwaya. Akwai waɗanda muka yi sahu ɗaya da su, amma ba su da inda za su nufa. Wasu rumfar kasuwa ce makwancinsu, wasu tasha, wasu kangon ginin da mai shi bai ƙarasa ba. Cikinsu har da magidanta da iyalansu, kunya ce ta hana su faɗi.

Mun san mafarin abin. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar. Gidajen ƙasa sun zube a Maraɗi, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya faɗi, kuma an ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ga azuzuwa cike da waɗanda ruwa ya raba da muhallinsu. Tun 2019 ƴan uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina ke ƙetarowa yankin Gidan Runji saboda ƴan bindiga. Ga tsadar haya, ga kuma abin da hannayenmu ke aikatawa: mu kori mace daga ɗakinta daren da aka sake ta, alhali farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da ita kafin iddarta ta cika, mu sayar da gidan gado, marayu su rasa mafaka.

Da Muhajirai suka isa Madina sun baro gidajensu a Makka, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya ƙulla ƴan uwantaka tsakaninsu da Ansar. Waɗanda ba su da kowa kuma aka ba su rumfa a masallacinsa, su ne Ahlus Suffa, cikinsu har da Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda. Ashe masallaci ne ya fi cancanta ya san marasa muhalli.

Saboda haka liman da mai unguwa su zauna cikin watan nan, su tantance masu kwana a waje a unguwarsu, a asirce, ba tare da tozarta kowa ba. Mai zakka ya tuna aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci faƙiri da miskini da mai bashi da matafiyin da guzuri ya yanke wa. Bashin haya bashi ne. Mai gidan haya ya yi wa wanda ya gaza jinkiri. Mai ɗakin da ke kulle ya buɗe shi. Matasa su yi gayya, a gyara wa tsofaffi da zawarawa katanga da indararo tun ruwa bai sauka ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kunu da ƙosan buɗa baki alheri ne, amma bayan Salla wanda ya sha su yana nan inda muka bar shi, damina kuwa tana tafe.

Allah Ya suturta marasa sutura, Ya karɓi azuminmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.