Mu Shuka Yaɗiya a Gidajenmu

Jawabin malamin gona ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na Wudil



Yau zancen yaɗiya zan yi muku. Kowa ya san ta. Tsiro ne mai yaɗo a ƙasa, mai ƙananan furanni, danginsu ɗaya da tumfafiya. Idan ta kama, takan yi shekaru ba a sake shuka ta ba, kuma da rani ganyenta yana nan kore shar. Ana cin ganyen da tohon da furen. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da ganyen daji irin wannan ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

To amma jama'a, daji yana ƙarewa. Gonaki da gine-gine sun cinye inda mata ke zuwa tsinko ta. Saboda haka mu dawo da ita gida. A Sadore, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta gwada noma ta tare da tafasa a ƙasar da ta gaji, ta kuwa yi.

Ga yadda za a yi.

Na farko, a zaɓi wurin da rana ke dukansa sosai. Ƙasar jigawa mai yashi take so, wadda ruwa ba ya kwanciya. Kada a sa ta a laka ta fadamar Kogin Wudil, ko bakin makwarara, domin saiwarta za ta ruɓe.

Na biyu, a tsinko ƙwansonta idan ya bushe, kafin ya fashe iska ta kwashe irin. A cire audugar da ke jikinsa, a adana irin a wuri busasshe.

Na uku, idan damina ta zauna, a haƙa rami, a zuba ɗan ruɓaɓɓen taki. A sa ƙwaya uku ko huɗu, a rufe da ƙasa kaɗan. A bar taki biyu tsakanin rami da rami, domin tana buƙatar fili.

Na huɗu, a yi mata shinge a shekarar farko, saboda awaki suna son ta ƙwarai.

Wajen tsinka, a ɗauki toho, a bar uwar. A tafasa a zubar da ruwan farko don ɗacin ya ragu, sannan a yi kwaɗo da ƙuliƙuli. Abin da ya saura a kai kasuwar Juma'a.

A kula, duman kada ma yana yaɗo, amma furensa babba ne, kuma yana cutar da dabbobi. Ba shi nake nufi ba.

Kowa ya rubuta waɗannan matakai a littafinsa, ya karanta wa mutanen gidansa. Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalamu alaikum.