Jawabi a Kan Kafa Akawun Waya Mai Amsa Tambayoyin Jama'a



An umarce ni in yi bayani a kan shawarar da ke gaban ƙungiya, wato kafa manhajar da za ta riƙa amsa saƙon jama'a da kanta a WhatsApp, wadda 'yan boko ke kira bot. Ni ɗan kasuwa ne, don haka akawu nake ce mata. Akawu ne da ba ya barci, ba ya fushi, amma bai san komai ba sai abin da aka rubuta masa.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1966 wani masani a Amurka, Joseph Weizenbaum, ya ƙirƙiro ELIZA, manhaja mai hira da mutum a rubuce. A nan gida, bankin UBA ya fito da nasa mai suna Leo a 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta buɗe irinsa a WhatsApp a watan Maris na 2020, lokacin annobar korona.

To, mu ina ruwanmu? Kowa ya ga yadda Mararaban Rido ke cika, kullum baƙi sauka suke yi. Sakatare kuwa ɗaya ne, tambayoyin ma ba sa canzawa: yaushe taro, nawa kuɗin wata, ƙarfe nawa jana'iza. Idan amsa ba ta fito daga bakin ƙungiya ba, za ta fito daga bakin wani, kuma duk wanda ya zauna a Kaduna ya san abin da ji-ta-ji-ta ke haifarwa.

Mataki na farko shi ne kafawa. A sayi sabon layi na ƙungiya, kada a ari na kowa. Da yake layi ba ya aiki sai da lambar NIN, a rubuta a littafin ƙungiya sunan wanda aka yi rajista da shi, gaban shaidu. Sai a sa WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ce. Tana gaida wanda ya fara rubuto saƙo, tana kuma ba da amsa in ba kowa a kusa. Sanarwa tana zuwa wa mutum 256 a jeri guda, amma sai wanda ya ajiye lambar a wayarsa zai samu. Wannan ya ishe mu soma aiki.

Cikakken akawu, wanda zai ce danna 1 don lokacin taro, danna 2 don kuɗin wata, shi sai an bi ta babbar hanyar kamfanin Meta, an sami yaro mai ilimin kwamfuta, an kuma kama hayar kwamfutar da ba ta mutuwa dare da rana. Akwai ƙa'idar da ya kamata ma'aji ya sani: in mutum ya rubuto, ana da awa 24 a amsa masa yadda aka so. In ta wuce, sai da saƙon da kamfanin ya riga ya amince da shi, kuma irin wannan akan biya. Telegram ta ba da damar kafa bot kyauta tun 2015, sai dai mai kaya ba ya baza su inda ba masu saye, mutanenmu kuwa a WhatsApp suke.

Mataki na biyu shi ne faɗaɗawa. Sannu ba ta hana zuwa, a riƙa ƙari ɗaya bayan ɗaya. Bayan taro da kuɗin wata, sai cigiya, sai farashin masara da na citta daga Kachia da Kafanchan. Amma kowane farashi ya zo da kwanan wata, da kuma wanda aka ɗora wa sabunta shi, don tsohon farashi ya fi rashinsa sa asara. A sa saƙon murya saboda iyayenmu da ba sa karanta boko. A sa Turanci saboda maƙwabtanmu Gbagyi da sauran ƙabilu da muke ciniki tare.

Matasa za su ce a haɗa shi da irin su ChatGPT, wanda ya fito a ƙarshen 2022. Jama'a, a yi hattara. Irin wannan in bai san amsa ba yakan ƙaga ta, ya faɗe ta kamar gaskiya. Fatawa da rabon gado na malamai ne, magani na likita ne. Akawu ya nuna ƙofarsu kawai.

Mataki na uku shi ne sake shi ga jama'a. Kafin nan a gwada shi mako biyu da mutum ashirin, har da tsofaffi da masu rubutu a karkace. Kowane lokaci a bar lambar da mutum zai danna ya sami ɗan Adam. Sunaye da lambobin jama'a amana ce, ga kuma dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023. Akawunmu ba zai taɓa tambayar BVN ko lambar sirri ta banki ba, duk wanda ya tambaye ku da sunanmu ɓarawo ne. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa kuwa, makullin shago ne, ba a ba kowa.

Labarin tsaro kada ya fita sai dattawa uku sun tabbatar. Sa'an nan ku tuna 2021, da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan, har da ƙaramar hukumarmu ta Chikun, kusan wata biyu. Saboda haka littafin ƙungiya da sanarwar baki su ci gaba yadda suke.

Ina roƙon wannan taro ya yanke abu uku kafin mu tashi: wanda zai riƙe layi, kuɗin da za a ware duk wata, da dattawa ukun nan. In ba za mu iya kula da shi ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu.