Ranar Ganawa a Ofishin Jakadanci: Ɗan Riƙo Ba Ɗan Ciki Ba Ne a Takarda

 

Yawancinku kun san ni, ni ne tafintan jami'ar kariya a nan Minawao. Yau an ce in yi magana da iyalan da wani nasu, miji ko mata ko ɗa, yake Amurka kuma ya cika musu takardar neman bizar zama. Wannan hanya daban take da ta HCR mai sake tsugunar da mutane a wata ƙasa. A wannan, ƙarshen magana sai an je Yawunde, an tsaya gaban jami'in ofishin jakadancin Amurka.

Bari in fara da tafiya. Daga nan sai Marwa, Garwa, Ngaundere, sannan a kama jirgin ƙasa ko mota zuwa Yawunde. Ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Da zarar takardar ranar ganawa ta iso, ku kawo mana mu gani, a shirya takardar tafiya. Ku isa da kwanaki a hannu, domin kafin ganawa akwai gwajin lafiya da allurar rigakafi, kuma sai wurin likitan da ofishin jakadancin ya amince da shi. Takardar wani likita ba ta aiki.

Abin da za a riƙa: takardar gayyata, shafin shaidar cika fom DS-260, hoto biyu na kowane mutum, santimita 5 tsawo da faɗi, takardar haihuwa, ta aure, ta saki ko ta mutuwa in akwai, da takardar 'yan sanda ga duk wanda ya kai shekara 16. Wanda ba shi da fasfo, kada ya ruga ofishin jakadancin ƙasarsu sai ya yi shawara da mu, don hakan na iya taɓa matsayinsa na ɗan gudun hijira. Ku kuma tambaya tun da wuri yadda za a yi da tafinta.

Ranar kanta, za a ɗauki hoton yatsu, a sa ku ɗaga hannu ku rantse za ku faɗi gaskiya. Tambayoyin ba su da yawa: wa ya nema muku biza, yaushe aka ɗaura aure, 'ya'ya nawa, ina kuka zauna. Amma jami'in yana gwada amsarku da abin da ke cikin takarda.

To nan ne nake so ku buɗe kunne. A wurinmu, ɗan wanka ɗanka ne. Da yawa a nan suna riƙe da marayun da suka ɗauko a hanya lokacin gudu daga Gwoza ko Banki, Allah ya saka musu. Amma in jami'i ya ce "ɗanka ne?", yana nufin kai ka haife shi. Na taɓa yi wa wata baiwar Allah tafinta muna duba takardunta, ta ƙirga min 'ya'ya biyar. Da muka bi su ɗaya-ɗaya, ashe biyu na ƙanwarta ce mai rasuwa. Ba ƙarya ta yi niyya ba, haka zuciyarta ta ɗauke su. Da a Yawunde ta faɗi haka bayan rantsuwa, da magana ta lalace. Idan babu takardar haihuwa, suna iya ba da shawarar gwajin DNA, shi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Wanda aka samu ya yi ƙarya da gangan don samun biza, dokar Amurka na iya hana shi shiga har abada. Ɗan riƙo, ku ce ɗan riƙo ne, ku zo mu duba wace hanya ta dace da shi.

Haka batun mata. Dokarsu mace ɗaya ta sani. Mai mata biyu kada ya mai da ta biyu ƙanwarsa a takarda.

Sai suna da shekaru. Wani katinsa ya ce Muhammadu, wata takarda ta ce Mohamadou. Wasu an rubuta musu 1 ga Janairu don ba a san ranar haihuwa ba. Ku duba tun yanzu. Abin da kuka manta, ku ce kun manta. Abin da ba ku gane ba, ku ce a maimaita. Kada ku ƙirƙiro rana.

In an miƙo muku takarda mai lamba 221g, ba a rufe ƙofa ba ke nan: ko wata takarda ta rage, ko suna ƙara bincike, kuma yakan ɗauki lokaci. Kada ku sayar da awaki ko keken ɗinki sai biza ta shigo hannu. In ta fito, wa'adinta ba ya wuce wata 6. In an haɗa muku da ambulan a liƙe, kada ku buɗe.

Na ƙarshe: aikin HCR kyauta ne, kuma babu ɗan tsakiyar da zai iya sayo muku biza. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai koya muku labarin da za ku faɗa, ku kai ƙararsa ofis. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Dokokin biza kuma suna sauyawa, don haka ku tuntuɓe mu kafin ku kama hanya.

Mai tambayar da ba ta faɗuwa cikin taro, ya same ni bayan an tashi. Allah ya sada kowa da nasa lafiya.